Kunnen jita: Abin da makaɗi zai duba kafin ya kashe kuɗinsa wajen sauya fikof

Duk wanda ya taɓa halartar biki a Agadas ko Arlit ya san yadda jitar lantarki ta mamaye fagen. Da zarar an tada janareta an jona lasifika, sai tsirkiya ta fara kuka, jama'a su yi da'ira suna tafi. Daga irin waɗannan bukukuwa ne makaɗa kamar Bombino da Mdou Moctar da ƙungiyar Etran de L'Aïr suka fito har duniya ta san su.

Sai dai kafin mutum ya kai wannan matsayi, galibi da jita mai araha yake farawa, ko sabuwa ƙirar Asiya ko ta hannu. Shi kansa Mdou Moctar, wanda ya naɗi faifansa na farko mai suna Anar a Sakkwato a 2008, da hannunsa ya haɗa jitarsa ta farko, da katako da wayar birkin keke.

Idan hannu ya faɗa, kunne ya buɗe, makaɗi kan fara jin cewa muryar jitarsa ba ta kai ta waɗanda yake saurare ba. Sabuwar jita ƙirar Fender ko Gibson ta Amurka kuwa kuɗinta ya haura dala 1,000. A nan ne da yawa ke komawa ga hanya mafi sauƙi, wato sauya ƴar na'urar da ke kwance ƙarƙashin tsirkiyoyi, wadda ake kira fikof, masu Faransanci kuma su ce mikuro.

Wannan shawara tana iya mayar da jita mai araha abin alfahari. Tana kuma iya cinye kuɗin bukukuwa da dama ba tare da sautin ya gusa ko taku ɗaya ba. Bambancin yana ga abin da mutum ya sani kafin ya sa hannu a aljihu.

Yadda jita ke ji

Jitar lantarki ba ta da ƙoƙo irin na gurmi ko garaya da zai amsa sauti. Gangar jikinta katako ne dunƙulalle. Idan aka kaɗa ta ba a jona ba, da ƙyar na kusa zai ji. Fikof ne kunnenta, shi ke jin motsin tsirkiya ya mayar da shi lantarki.

Kayan cikinsa biyu ne kacal: maganaɗisu, da wayar tagulla siririya da aka naɗe a kewayensa. Kaurin wayar da aka fi amfani da ita kimanin milimita 0.06 ne, kusan silin gashi, kuma a fikof irin na Stratocaster akan naɗa ta kimanin sau 8,000. Tsirkiyar ƙarfe da ke saman maganaɗisun tana ɗaukar ƙarfinsa. Idan ta girgiza, sai ƴar wuta ta taso a cikin naɗin, tana kai-komo daidai da girgizar. Wannan wutar ce amfilifaya ke karɓa ta ƙara mata ƙarfi ta tura wa lasifika.

Ka'idar ita ce wadda masanin kimiyya ɗan Ingila Michael Faraday ya gano a 1831, kuma ita ce janareta ke aiki da ita. Shi ya sa fikof ba ya jin tsirkiyar roba, sai ta ƙarfe.

Bayan shekara 100 da binciken Faraday, a 1931, wani makaɗi a Kalifoniya mai suna George Beauchamp ya haɗa jitar da ake yi wa laƙabi da kaskon suya saboda siffarta, wadda kamfanin da ya zama Rickenbacker ya shiga sayarwa. Kasuwar fikof na canji kuwa ba ta kankama ba sai a 1972, lokacin da Larry DiMarzio ya fitar da Super Distortion a New York. A 1976 Seymour Duncan ya kafa nasa kamfanin, haka ma EMG. Tun daga lokacin mai jita ya samu damar sauya muryarta ba sai ya sauya ta gaba ɗaya ba.

Dangi huɗu, murya huɗu

Na farko shi ne mai naɗi ɗaya, siriri, irin wanda Leo Fender ya sa wa Telecaster da kuma Stratocaster da ta fito a 1954 da guda uku a jere. Muryarsa garau take, mai kaifi, kowace tsirkiya ana jin ta daban. Aibinsa shi ne yana kwasar gurnanin wutar lantarkin da ke kewaye da shi, kamar yadda eriyar rediyo ke kwasar tasha.

Na biyu shi ne mai naɗi biyu, wanda makaɗa ke kira hambaka. Injiniyan Gibson, Seth Lover, ya nemi rajistar ƙirarsa a 1955, kuma ya hau jitar Les Paul a 1957. Dabarar ita ce a jera naɗi biyu da ke adawa da juna, a kuma juya fuskar maganaɗisun kowanne. Gurnanin da ya shiga ɗaya sai ɗayan ya kashe shi, sautin tsirkiya kuwa ya haɗu ya ƙara kauri. Abin da ake biya shi ne kaifin murya yana ɗan raguwa.

Na uku shi ne P-90 na Gibson, da ya fito a 1946. Naɗi ɗaya ne amma mai faɗi, muryarsa tsakanin biyun farko, da ɗan kaushi. Shi ma yana gurnani.

Na huɗu shi ne mai batir, irin EMG 81 da makaɗan ƙungiyar Metallica suka shahara da shi. Naɗinsa kaɗan ne, sai ƴar amfilifaya a cikinsa da ke aiki da batir mai bolt 9. Shiru yake kamar ruwa ya ci shirwa idan ba a kaɗa ba, ga ƙarfi. Amma ranar da batir ya mutu a tsakiyar biki, jitar ta mutu tare da shi, kuma muddin an bar wayar jita a jone batirin yana ci gaba da zuƙewa.

Kowane kiɗa da kunnensa

Kiɗan jitar Abzinawa, wanda ƙungiyar Tinariwen ta Mali da marigayi Abdallah Oumbadougou na Nijar suka share wa hanya, yana tafiya ne da tsirkiya ɗaya mai kauri da ke riƙe gindin kiɗa, yayin da yatsu ke gudu a kan sirara suna bugawa suna fizgewa. Irin wannan salo yana buƙatar kowace ƙwayar sauti ta fito a rarrabe. Ba mamaki da ake yawan ganin jita mai siffar Stratocaster a hannun makaɗansa, ciki har da Mdou Moctar, wanda bahago ne.

Idan mai irin wannan kiɗa ya ɗaura hambaka mai zafi da aka ƙera don masu kiɗan gurnani na Turai, gudun yatsunsa zai cakuɗe ya zama kunu. Haka shi ma wanda ke son murya mai kauri da za ta cika fili, ko mai raka mawaƙi a situdiyo da ke buƙatar shiru tsakanin baiti da baiti, zai wahala da mai naɗi ɗaya.

Gurbin da fikof yake ma yana da tasiri. Kusa da gada, wato ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa a gindin jita, tsirkiya ba ta motsi da yawa, don haka sautin wurin siriri ne mai tsini. Kusa da wuya motsin ya fi faɗi, sautin ya fi taushi da ƙarfi. Saboda haka kamfanoni kan ƙara wa na gada naɗi don su daidaita, kuma suna rubuta gurbin kowanne a jikin kwalinsa. Ba dole ne a sauya duka ba. Mafi yawan masu ƙorafi da guda ɗaya suke da matsala, galibi na gada.

A fara gano ciwon

Masu gyaran jita sun daɗe suna lura da cewa da yawa daga cikin laifin da ake ɗora wa fikof ba nasa ba ne. Kafin a sayi sabo, akwai abubuwa huɗu da kuɗinsu bai taka kara ya karya ba.

Na farko tsirkiya. Gumi da ƙura suna sa ta tsatsa, muryarta ta dusashe. Sabon saiti kan dawo da kaifin da ake zaton ya tafi.

Na biyu tsayin fikof. Akwai noti a kowane gefensa da ke ɗaga shi ko sauke shi. Ana danne tsirkiya a ƙarshen wuya a auna tazarar da ke tsakaninta da kan maganaɗisu. Ga mai naɗi ɗaya, kimanin milimita 2 ne mafari, sai kunne ya ƙarasa. Idan ya yi nisa sauti ya raunana. Idan ya matso da yawa maganaɗisun ya riƙa jan tsirkiya, sautin ya yi saurin mutuwa, har ma ya riƙa rawa kamar ba a saita jitar ba.

Na uku wayar da ke zuwa amfilifaya. Doguwar waya mara inganci tana shanye kaifin sauti kafin ya isa.

Na huɗu ita kanta amfilifayar. Fikof na dala 150 da aka jona wa lasifikar da ta yage ba zai yi abin a-zo-a-gani ba. Hanya mafi sauƙi ta rarrabewa ita ce a jona jitar a amfilifayar wani, a kuma jona jitar wani a tata. Nan take mai laifi zai bayyana.

Sai an tsallake waɗannan ne ya kamata makaɗi ya faɗa wa kansa, cikin kalma ɗaya ko biyu, abin da ke damun sa: tsini ya yi yawa, ko sauti ya cakuɗe, ko rauni, ko gurnani, ko tsuwwa idan an ƙure murya. Kowanne da maganinsa, kuma maganin ɗaya kan ƙara tsananta ɗaya. Ƙarin naɗi yana kawo ƙarfi da kauri amma yana rage kaifi. Ragin naɗi yana buɗe sauti amma yana rage ƙarfi.

Lambobin da ke jikin kwali

Lambar da ƴan kasuwa suka fi tallatawa ita ce ta turjiyar naɗi, wadda ake aunawa da om. Mai naɗi ɗaya irin na da yana kaiwa wajen om 6,000. Hambakan Gibson na farko-farko yana tsakanin 7,000 zuwa 9,000. JB na Seymour Duncan, ɗaya daga cikin waɗanda aka fi saye a duniya, ya kai wajen 16,000.

Wannan lamba tana nuna tsawon waya da kaurinta ne kawai. Waya mafi siranta tana ba da lamba mafi girma ko da yawan naɗin ɗaya ne, don haka ba za a dogara da ita a kwatanta fikof biyu masu ƙira daban ba. Zafi ma yana taɓa ta. Turjiyar tagulla tana ƙaruwa da kusan kashi 0.4 cikin 100 a kowane digiri, saboda haka fikof da aka auna 6,000 a masana'anta mai sanyin digiri 20 zai nuna kusan 6,500 a rumfar mai gyara a watan Afrilu idan zafi ya kai 40. Wannan ba alamar jabu ba ce.

Sai maganaɗisu. Akwai alniko, haɗin alminiyam da nikel da kobal da baƙin ƙarfe, wanda ake ba lamba. Alniko 2 ya fi sanyin ja, muryarsa da taushi. Alniko 5 ya fi ƙarfi da kaifi. Akwai kuma na siramik, mai araha da ƙarfi, wanda shi ake liƙawa a ƙarƙashin fikof na yawancin jitoci masu araha. Wannan ya ja masa baƙin jini, amma shi ne a cikin Super Distortion da EMG 81. Ingancin ƙirar gaba ɗaya ne abin dubawa.

Zai shiga ramin?

Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne sayen abin da ba zai zauna ba. Hambaka ya kusa ninka mai naɗi ɗaya faɗi. Kafin a yi oda, a kwance farantin robar da ke fuskar jita a leƙa ramin da ke ƙasa. Wasu jitocin an fafe su da faɗi tun daga masana'anta, sabon faranti kawai suke buƙata. Wasu kuwa sai an sassaƙe katako.

Eddie Van Halen ya yi hakan a shekarun 1970. Ya cire hambaka daga wata jitar Gibson, ya fafe gangar jita mai siffar Stratocaster da kurfi, ya dasa shi. Jitar ta shiga tarihi, amma katakon da aka sassaƙe ba ya komawa, kuma darajar jita a kasuwa tana faɗuwa. Yau akwai hambaka da aka matse zuwa girman mai naɗi ɗaya, kamar Hot Rails, da ke shiga ramin ba tare da an taɓa katako ba.

A kuma auna tazarar tsirkiyoyi a wajen gada. Ta jitocin Fender ta ɗan fi ta Gibson faɗi, kusan milimita 53 a kan 50, kuma kamfanoni na yin hambaka na musamman don mai faɗin. Bahago ma ya lura: wasu masu naɗi ɗaya kawunan maganaɗisunsu ba tsayi ɗaya ba ne, an jera su ne bisa kaurin tsirkiyoyin na-dama, don haka akwai na bahagwai daban.

Abin murɗa murya shi ma yana cikin lissafi. A bayansa akwai lamba. Mai naɗi ɗaya ya saba tafiya da 250K, hambaka da 500K, mai batir da 25K. Idan aka ɗaura hambaka aka bar 250K, muryarsa za ta yi duhu, mai shi ya zaci an cuce shi.

Gurnanin janareta

Makaɗin Yamai ko Kano ko Jos yana fama da abin da mai tallan fikof a Amurka bai cika tunawa da shi ba. Wutar Najeriya da Nijar tana kai-komo sau 50 a daƙiƙa, kuma wannan ne asalin gurnanin da ake ji daga lasifika. A filin biki, inda ƙaramin janareta ke ɗauke da fitilu da fanka da cajar waya duka a layi ɗaya, kuma babu wayar da ke sauke wuta ƙasa, gurnanin kan ninka.

Wanda ke son muryar mai naɗi ɗaya ba tare da wannan azaba ba yana da hanyoyi. Akwai saitin da aka juya naɗi da maganaɗisun na tsakiya, ta yadda idan aka sa makunni a matsayi na biyu ko na huɗu, fikof biyu za su haɗu su kashe gurnani kamar hambaka. Akwai masu naɗi biyu da aka ɗora ɗaya kan ɗaya, irin Noiseless na Fender, masu kama da na asali a ido. Akwai kuma tsarin hambaka ɗaya a gada da sirara biyu a sama, kuma idan hambakan mai waya huɗu ne ana iya kashe rabinsa da makunni ya koma siriri. Shafe cikin ramin da takardar tagulla mai ɗanko, a haɗa ta da wayar ƙasa ta jitar, yana rage tsiwar da fitilu da caja ke jawowa, kodayake ba ya kashe gurnanin gaba ɗaya.

A nan akwai batun da ya wuce daɗin sauti. Tsirkiyoyin jita a haɗe suke da jikin amfilifaya ta cikin waya. Idan wuta ta zube a jikin amfilifayar kuma babu hanyar da za ta bi ta shiga ƙasa, ta jikin makaɗi za ta bi. Haka Keith Relf, tsohon mawaƙin ƙungiyar Yardbirds ta Ingila, ya rasu a gidansa a 1976 yana kaɗa jita. Duk wanda ke jin wuta tana ɗan cizon sa a yatsa, ko a leɓe idan ya kusanci makirufo, mai aikin lantarki yake buƙata da gaggawa. Sabon fikof ba zai cece shi ba.

Cinikin biri a sama

Mai saye ta intanet yana dogara ne da bidiyon gwaji, alhali sautin da ke ciki ya bi ta hannun wani gwani, da amfilifayarsa, da makirufonsa, kafin ya fito ta ƴar lasifikar waya. Gwajin da ke da amfani shi ne wanda aka yi da jita ɗaya, amfilifaya ɗaya, aka sauya fikof kawai, kuma a saurare shi da abin sawa a kunne.

Jabu ma ya yi yawa. Fikof mai tambarin babban kamfani da ake sayarwa a kashi ɗaya bisa biyar na kuɗinsa, tambarin kawai aka saya. Gara ƙaramin kamfani mai sayar da kayansa da sunansa, irin su Wilkinson da Tonerider, da jabun babban suna.

Na hannu yana da kyau idan an gwada. A sa mita a kan wayoyinsa: idan ba ta nuna komai ba naɗin ya tsinke, idan ta nuna ƙasa sosai da yadda ya kamata ya haɗe a ciki. A duba ko an yanke wayoyin sun yi gajarta. A kuma tambaya ko an tsoma shi a kaki. Fikof da ba a tsoma ba naɗinsa kan girgiza idan an ƙure murya, ya riƙa tsuwwa mai huda kunne. Ana maganin wannan da narkakken kakin kyandir da na zuma a zafin kusan digiri 65, a cikin kwanon da aka ɗora kan ruwan zafi. Ɗora kaki kai tsaye a kan wuta yana iya haddasa gobara, ya kuma narkar da robar fikof ɗin.

Ɗaurawa aikin dalma ne da duk mai gyaran rediyo zai iya, da sharaɗin a ba shi zanen kamfanin da ya yi fikof ɗin. Launin wayoyi ba ɗaya ba ne. A hambakan Seymour Duncan baƙar waya ce ke ɗauke da sauti, a na DiMarzio kuwa ja ce. Idan aka haɗa sabo da tsoho suka saɓa wa juna, sautin zai fito siriri kamar ta hanci duk lokacin da aka kunna su tare, kuma juya wayoyi biyu kan gyara shi. A ɗauki hoton tsohon haɗin kafin a taɓa komai, a kuma adana tsohon fikof, don ranar sayar da jitar ko ranar da kunne ya yi kewar muryar da ya saba.

Akwai jitar da ba ta cancanci wannan ɗawainiya ba. Idan wuyanta ya karkace, ko ba ta riƙe saiti har a gama waƙa ɗaya, sabon kunne aibinta kawai zai ƙara fitarwa fili, kuma gara a tara kuɗin a nemi wata. Amma idan tana da daɗin riƙo, kuma ko ba a jona ta ba tsirkiyarta na daɗewa tana amsawa, to ta cancanci a kashe mata. A irin wannan jitar, fikof guda ɗaya da aka zaɓa don maganin ciwo sananne, aka ɗaura shi daidai aka saita tsayinsa, ya isa ya sa mutanen da ke bayan fili su ji bambanci tun daga bugun farko.